Sai an Tambayi Reino Sau Uku

Yau sati bakwai ke nan da na naɗe hannun rigar Reino Saarela na ga abin da ke ƙarƙashin bandejinsa, amma har yanzu in na shaƙi warin kwalta sai ranar ta dawo mini sabuwa. Ina son tsohon nan, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin nasa ba.

Shekararsa sittin da takwas. A wata gona kusa da Aurora aka haife shi, a arewacin Minnesota, jikan mutanen Finland da suka zo haƙar tama. Kakansa sai da ya gama gina sauna kafin ya aza harsashin gida, domin a wurinsu wannan ɗan ɗakin katakon, inda ake gasa duwatsu a watsa musu ruwa a zauna cikin tururi, ya fi ɗakin kwana muhimmanci. A cikinsa aka haifi uban Reino, a cikinsa aka wanke gawar kakan. Reino kuwa tun kafin ya iya tafiya ake shiga da shi duk ranar Asabar.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga aikin ma'adinai. A shekara ta 1991 bel ɗin injin da ke jan duwatsu ya kama safar hannunsa ta dama, ya tafi da ita da abin da ke cikinta har zuwa ƙasan gwiwar hannu. Matarsa Darlene ce ta ba ni labarin, don shi ba ya bayarwa. Ta ce ya ɗaure dungulmin da bel ɗin wandonsa, ya taka har ofishin shugaban aiki, ya tarar mutumin yana magana a waya, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

"Jira fa!" in ji Darlene. "Jini har cikin takalmi. Da mutumin ya ɗago kai, ka san me ya ce masa? Wai, 'Ƙarasa wayarka tukuna, 'yar matsala ce.'"

"Da matarsa yake magana," in ji Reino. "Ba a katse mutum da matarsa."

Shekara talatin ya yi da ƙugiyar ƙarfe a madadin hannu. Da ita ya yi aiki a shagon kayan gini, da ita ya aurar da 'ya'ya mata uku, bai taɓa cewa uffan ba. Abu ɗaya kawai Darlene ta taɓa jin ya yi ƙorafi a kai. In tafki ya daskare yakan huda ƙanƙara ya zura igiyar fatsa, to wai hannun hagu dolo ne, sai kifi ya gama cinye tana yake sanin an zo. Na dama ne yake jin kifi tun yana shinshina.

Darlene ce ta ga sanarwar bincikenmu a allon asibiti ta rubuta sunansa, ta gaya masa bayan kwana biyu.

Ni kuwa, Britta Nygaard, wata uku ke nan da gama digirina na injiniyanci lokacin da wata ƙaramar cibiyar bincike a Duluth ta ɗauke ni aiki. Kafin in zo, likitar tiyatarmu, Dakta Ferraro, ta riga ta yi wa Reino aiki. Ta naɗa siraran wayoyi goma sha shida, kowace ba ta kai gashin kai kauri ba, a jikin manyan jijiyoyi biyu na damtsensa. Takwas na babban yatsa da manuni da na tsakiya, takwas na sauran yatsu biyun. Wayoyin suna fitowa ta ƙananan ƙofofi biyu a fatar damtse, a jona su da wani ɗan akwati. In yatsun hannun robar da muka haɗa masa suka taɓa abu, akwatin sai ya aika ɗan lantarki cikin jijiyar, ƙwaƙwalwa ta ɗauka hannun nan da aka binne tun 1991 ne yake taɓawa.

Aikina shi ne duk Litinin in jona shi da na'ura, in auna, in daidaita ƙarfin lantarkin. Sannan in buɗe bandeji in duba ƙofofin nan biyu, in sa hannu a fom cewa fata lafiya lau. Wannan na ƙarshen shi ne mafi sauƙi a aikin, kuma shi ne mafi muhimmanci, domin ƙofar da waya ta bi ta fito, ƙwayar cuta ma tana iya bi ta shiga. Shi ya sa aka hana shi jiƙa wurin, aka hana shi iyo, aka hana shi sauna. Ya karanta takardar sharuɗɗan, ya sa hannu da hagu.

Ranar da muka fara kunna masa, na rufe masa ido da ƙyalle na sa masa soso a tafin hannun robar. Ya matsa. Ya saki. Ya sake matsawa.

"Me kake ji, Mista Saarela?"

"Mista Saarela babana ne, yana maƙabarta, Farfesa. Reino."

"Ni ma ba farfesa ba ce. Me kake ji?"

"Soso ne. Irin na wanke-wanke, mai kaushi a gefe guda."

Darlene ta fashe da kuka. Na tambaye shi yaya abin yake, bayan shekara talatin.

"To," in ji shi. "Ba laifi."

Sai ya ce zai je ya duba ko ya kashe fitilar motarsa. Ya yi minti ashirin a waje.

Ba zan ce ban san halin mutanenmu ba. Ni ma 'yar nan ce. Na san in an ba mutum abu ba ya karɓa a karon farko, ba ya karɓa a na biyu, sai a na uku, shi ma da kyar. Duk Litinin haka muke yi da shi.

"In zuba maka kofi?"

"A'a, na sha a gida."

"Ka tabbata?"

"Kada ki wahalar da kanki."

"Na riga na dafa, zubarwa zan yi."

"To, rabin kofi."

Sai ya sha kofi uku. In Darlene ta aiko mana da kek ɗinta mai lemun tsami ya rage yanka ɗaya a faranti, Reino ba zai ɗauka ba, sai ya raba biyu ya ci rabi. Can an jima ya sake raba ragowar. Har a tashi aiki akwai ɗan ɓurɓushi kamar ƙwayar wake a tsakiyar faranti da ba wanda ya isa ya taɓa. Kakata ma haka take. Wannan fulakon a cikinsa na girma. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mutum zai shigo da shi har kan kujerar gwaji.

Tun cikin Nuwamba alƙalumana suka fara yawo. Ƙarfin lantarkin da ya ishe shi jin taɓi a wannan satin, wani satin ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Na ɗauka ni ce na yi kuskure a lissafi. Wata uku ina bin shirin kwamfutar da na rubuta layi-layi. Na canja kebul sau huɗu. Na daina cin abincin rana. Na fara tunanin ko digirin ma bisa kuskure aka ba ni. Duk wannan ana yi, mutumin da ya san amsar yana zaune a gabana yana shan kofi na uku. Ashe tun da sanyi ya shigo ya koma sauna. Sai ya zura damtsen cikin ledar burodi, ya naɗe da salatif, ya hau benci na sama inda tururi ya fi zafi. Fata ta sha gumi ta kumbura, ni kuma in zo Litinin in auna ina zargin kaina.

A watan Fabrairu ƙaramar 'yarsu ta haihu a Fargo, Darlene ta tafi zaman sati uku. Litinin ta farko Reino ya zo da sabon bandeji mai kauri, an naɗe shi tsaf.

"Bari in buɗe in duba."

"Yanzun nan na canja shi, Farfesa. Lafiya lau yake. Asarar bandeji kawai."

"Ko in kira Dakta Ferraro ta leƙa?"

"Haba. Matar da take da marasa lafiya na gaske? Kada ki taso ta saboda ni."

Na tsaya da almakashi a hannu. Dattijo ne, sa'an kakana, ya ce a'a sau biyu. Na ji kamar in na matsa na ƙaryata shi ke nan. Na ajiye almakashin, na ɗauki biro, na sa alama a gaban "fata lafiya", na sa hannu. Litinin ta biyu ma haka aka yi, kusan kalma da kalma. Ina rubuta wannan ne don kowa ya sani, sau biyu na sa hannu a kan abin da idona bai gani ba.

Litinin ta uku ya shigo fuskarsa kamar toka. A waje sanyin da ke daskarar da gashin hanci ake yi, shi kuwa gumi yana bin wuyansa. Na jona shi. Babban yatsa ya amsa, manuni ya amsa. Da na aika lantarki zuwa ƙaramin yatsa, mafi ƙanƙanta da na'urar ke iya aikawa, sai na ga duk kafaɗarsa ta zabura.

"Da zafi?"

"Ɗan kaɗan."

"Daga ɗaya zuwa goma?"

"Uku."

"Reino, kana cizon leɓe."

"To, uku da rabi."

A lokacin ne warin ya iso ni, wari mai kauri kamar na hayaƙin ɗanyen itace. Ban tambaya ba. Na naɗe hannun rigar na sa almakashi. Ƙarƙashin bandejin baƙi ƙirin ne. Kwaltar itace ya shafa, irin wadda suke shafa wa jirgin kwale-kwale da kofaton doki. Da na goge ta, ƙofar baya, ta wayoyin ƙaramin yatsa, ta kumbura ta yi jawur tana fitar da mugunya, ga wani jan layi ya miƙe ya nufi hammata.

"Tun yaushe?"

"Bai fi sati uku ba. Babana yakan ce ciwon da ya gagari sauna da kwalta da barasa, na ajali ne. Ni kuma ba na shan barasa, shi ya sa na ninka sauran biyun."

Bai rufe baki ba ya sulale daga kan kujera. Na tare kansa da gwiwata ina ihu. Kafin idonsa ya rufe na ji yana cewa kada a kira motar asibiti, zai tuƙa kansa.

Washegari da hantsi zazzaɓin da ya kayar da shi ya ɗan sauka. Ina zaune a barandar asibiti Darlene ta iso daga Fargo, ko babbar rigarta ba ta cire ba. Na miƙe na gaya mata komai, har da sa hannun.

"Kin ce masa za ki duba?"

"Na ce."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

Ta dube ni kamar na ce mata ban san sunana ba.

"Ke 'yar ina ce? Ba a Cloquet kika ce an haife ki ba? Wa ya taɓa samun gaskiya a bakin Saarela a tambaya ta biyu? Ni da zai aura ma sai da na tambaye shi sau uku!" Ta zauna ta dafe kai. "Shekara arba'in da huɗu. Na juya baya sati uku kacal. A cire tarkacen nan duka, na gaji. Ni na kai shi, ni zan fitar da shi. Da ƙugiyarsa ai ba ta taɓa kai shi gadon asibiti ba."

Dakta Ferraro ta kira mu ciki. Ita mutuniyar New Jersey ce, inda in mutum ya ce a'a to a'a yake nufi, kuma tana magana kamar ana korarta. Ta tsaya a gindin gado ta zayyana masa. Wayoyi takwas na baya sun riga sun lalace, yau za a cire su, babu shawara a nan. Takwas na gaba, na babban yatsa da manuni da na tsakiya, cutar ba ta kai gare su ba tukuna. Ana iya cire su tare a huta. Ana kuma iya gwada ceto su: sati shida ana ɗura masa magani ta jijiya, nas tana zuwa gidansa kullum, kuma in cutar ta tsallaka sai an sake yanka shi, wataƙila aikin ya fi na yau muni. In an cire kuwa an cire ke nan, jijiyar ba za ta karɓi wasu ba.

"Zaɓi naka ne, Mista Saarela. Mu gwada ceto su?"

"A'a, Likita. Wahalar ta yi yawa. A ce yarinya ta riƙa tuƙa mil sittin kullum a kan ƙanƙara saboda yatsu uku?"

"Aikinta ne, ana biyanta. Ka tabbata?"

"Ku cire kawai. Ku ba wani mai sauran ƙuruciya."

"Shi ke nan." Ta zaro takardar amincewa ta ɗora masa a kan allo, ta miƙa masa biro.

Na dubi Darlene. Ita ma ta ƙirga, na gani a fuskarta. Ta san biyu aka yi. Ta kafe ni da ido ta girgiza kai a hankali, wato in yi shiru. Kuma tana da gaskiyarta. In aka cire duka, mijinta ya tsira. Ni ce na riga na kusa kashe shi da shiruna, yanzu kuma in buɗe baki in ja masa wani haɗarin? Reino ya karɓi biron da hagu. Amma idonsa ba a kan takardar yake ba. Hannun robar yana ajiye a kan teburin gefen gado kusa da kofin ruwa, shi yake kallo.

"Reino," na ce. "An riga an yi odar maganin. Nas ɗin ma ta wannan hanyar take bi. Kana so a bar maka su?"

Ban san ko an yi odar ba. Ban san hanyar da nas take bi ba.

Ya juya biron a hannunsa, ya dubi silin, ya yi gyaran murya.

"To," in ji shi. "Tun da an riga an yi oda. In dai ba zai takura wa kowa ba, a bar mini babban yatsa da manuni. Na tsakiyan in ya yi muku yawa ku ɗauka."

"Tare suke, ba a raba su," in ji Dakta Ferraro. Ta dube shi, ta dube ni. "Tsaya. Minti ɗaya da ya wuce ka ce a cire. Wanne ne gaskiya?"

"Wannan," in ji Darlene. "Na ukun ne gaskiya. Tsohon banza kawai." Ta juya wajensa. "Kai Saarela, ka ji da kyau. Na sake ganin ledar burodi a bayan gidan nan, da kaina zan fizge wayoyin."

"Ledar tana da kyau," in ji shi. "Salatif ɗin ne na banza."

Dakta Ferraro ta karɓe takardar ta yaga. "Shekara tara ina garin nan," ta ce. "Wato duk wanda ya ce mini a'a, ban san abin da ya ce ba ke nan? Allah ya kyauta muku."

Da yamma na je na gaya wa shugaban cibiya batun fom guda biyu. An ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancanta. Yanzu doka ce sai an buɗe bandeji an ɗauki hoto, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba. Sati shidan nan ban yi barcin kirki ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, cutar ta tsallaka, ni na ja. Darlene ba ta amsa gaisuwata ba sai a sati na huɗu, shi ma da ka. Ta sa wa sauna kwaɗo, makullin yana cikin jakarta duk inda za ta. Wai ranar Asabar yakan ɗauki kujera ya zauna a ƙofar ɗakin yana kallon kwaɗon.

Cutar ba ta tsallaka ba. Amma kafin a cire masa robar ɗura magani ƙanƙarar tafki ta narke, lokacin kamun kifin da ya yi shekara talatin yana jira ya wuce shi.

Jiya Litinin ya dawo karon farko, ya rame, rigar tana masa yawa. Ban gaishe shi ba sai da na yanke bandejin. Ƙofa ɗaya ta zama tabo, ɗayar tsaf, ba ja ba kumburi. Na ɗauki hoto. Sannan na jona shi, na rufe masa ido, na ɗora masa igiyar fatsa tsakanin babban yatsa da manuni. Na koma can ƙarshen ɗaki da ɗaya bakin igiyar, na jira har ya saki jiki, na ɗan taɓa ta da farce, taɓin da ko ƙuda ba zai kora ba.

Hannun ya fizga sama kafin in ɗauke yatsana.

"Ƙarami ne," in ji shi. "Mayar da shi ruwa."

"Yaya ka ji?"

"Ba laifi."

"Reino, don girman Allah."

"Ba laifi sosai." Ya cire ƙyallen daga idonsa yana ta murza igiyar a tsakanin yatsun. "In tafki ya daskare a Disamba, sai ki zo ki ga yadda ake yi da na gaske. Darlene ce ta ce in gaya miki."

"A'a, kada in takura muku."

"Ɗaya ke nan," in ji shi. "Akwai sauran kofi?"